INDA ZA A SAMI SOKET NA BINCIKE A TSOHUWAR A-KORI-KURA

Ƙungiyoyin manoma da yawa sun yi shekaru suna tara kuɗi kafin su sami a-kori-kura guda ɗaya. Galibinsu tsohuwa suka saya, domin sabuwa ta fi ƙarfinsu. Ita ke ɗauko taki in damina ta kama, ita ke kai masara da tumatir kasuwa da kaka, wani lokaci ma ita ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. In ta tsaya kwana uku a lokacin aiki, hasarar ta kowa ce.

Abin da ya fi cin kuɗin ƙungiya wajen gyara shi ne lalube cikin duhu. Mota ta fara shan mai fiye da kima, ko ta ƙi tashi da safe, sai a canja fulogi. Ba ta warke ba, a canja famfon mai. Har yanzu da saura, a canja wani abu kuma. Kafin a dace da ainihin ciwon, kuɗin buhu biyar ko goma ya tafi. Alhali kuwa motoci da yawa suna iya faɗin inda ciwonsu yake, in an san wurin tambayarsu. Wurin shi ne wani ɗan soket da masu ƙera motar suka sa mata. Shi muke kira soket na bincike. Ba wuri ɗaya yake a kowace mota ba, waɗansu motocin ma ba su da shi sam.

MENE NE AIKIN SOKET ƊIN?

A cikin motocin da ke aiki da injekta akwai wata ƙaramar kwamfuta, wadda za mu kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ke ƙayyade yawan man da zai shiga inji da lokacin da wuta za ta tashi. Tana samun labari daga waɗansu 'yan na'urori da ake kira sansa. Akwai mai auna zafin ruwan inji, akwai mai auna iskar da ke shiga, akwai mai ƙirga juyawar inji, akwai mai shinshinar hayaƙin da ke fita ta salansa. Idan labarin ɗaya daga cikinsu ya yanke, ko ya zo ba daidai ba, sai ƙwaƙwalwa ta ajiye wata lamba a cikinta, ta kunna fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba. A jikin fitilar akwai hoton inji, ko kalmar CHECK. Soket na bincike shi ne ƙofar da ake bi a ɗauko wannan lamba.

Saboda hayaƙi aka fara wannan tsari. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara tilasta shi a 1988, amma a lokacin kowane kamfani yana yin nasa soket yadda ya ga dama, ya sa shi inda ya ga dama. Daga 1996 sai Amurka ta ce dukan ƙananan motoci da a-kori-kura da za a sayar a ƙasarta su yi amfani da soket iri ɗaya, mai suna OBD-II. Ƙasashen Turai suka bi baya, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004, manyan a-kori-kura masu dizal kuma bayan 'yan shekaru. Motocinmu daga waɗannan ƙasashe suke zuwa, waɗansu kuma an ƙera su ne domin kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa, inda dokar ba ta hau kansu ba. Shi ya sa motoci biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya sukan bambanta.

MOTOCI IRI UKU

Iri na farko, marasa ƙwaƙwalwa. Su ne masu kafireto, da masu dizal waɗanda famfonsu na inji ne zalla. A cikinsu akwai Peugeot 404 da 504 irin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, da Toyota Hilux mai inji 2Y, 3Y, 4Y ko 22R, da Hilux mai dizal 2L, 3L ko 5L. Waɗannan ba su da lambar da za a karanta. Wanda ya karɓi kuɗinku domin ya yi wa injinsu sikanin, bai yi muku aikin kome ba. Gyaransu kunne ne da ido da hannun bakanike.

Iri na biyu, masu ƙwaƙwalwa amma soket ɗinsu na kamfani ne. Galibinsu an ƙera su tsakanin 1985 da 1995, ko da yake waɗanda ba a yi domin Amurka ba sun ci gaba da haka har bayan 2000.

Iri na uku, masu soket mai ramuka 16.

YADDA ZA KU GANE IRIN TAKU

1. Ku murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, amma kada ku tada inji. In fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta kama tare da sauran, motar tana da ƙwaƙwalwa. Ku lura, fitila mai hoton waya a nannaɗe a motar dizal ta ɗumama inji ce, aikinta dabam.

2. In ba ta kama ba, kada ku yi saurin yanke hukunci. Ƙwan fitilar yakan mutu, waɗansu masu sayar da mota kuma sukan cire shi domin mai saye kada ya ga laifi. Ku buɗe bonet ku duba ko injin mai kafireto ne ko mai injekta.

3. Ku karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a cikin ɗakin inji. A motocin Toyota, harafin E a ƙarshen sunan inji yana nufin ƙwaƙwalwa ce ke ba shi mai. Watau 22R mai kafireto ne, 22R-E mai ƙwaƙwalwa. 5L ba shi da ita, 5L-E yana da ita. Haka nan 3RZ-FE da 2TR-FE da 1KZ-TE. Injunan dizal 1KD-FTV da 2KD-FTV, waɗanda aka rubuta D-4D a kansu, su ma masu ƙwaƙwalwa ne, ko da yake babu E a sunansu.

4. In motar daga Amurka ta zo, ku dubi lambar jikinta mai baƙaƙe 17 a gindin gilashin gaba. Baƙi na goma shi ke nuna shekara: S shi ne 1995, T 1996, V 1997, W 1998, X 1999, Y 2000, sa'an nan 1 shi ne 2001, 2 shi ne 2002, haka har gaba. A ƙarƙashin bonet kuma akan sami takarda manne da ke ɗauke da kalmar OBD II.

Akwai wani abu kuma. Kanikawa sukan cire injekta su mai da mota kafireto, ko su ɗora mata injin wata mota. A irin wannan mota za ku ga soket yana nan, amma ba abin da zai faɗa muku.

NEMAN SOKET MAI RAMUKA 16

Wannan shi ya fi sauƙin samu, domin doka ta ce ya kasance cikin mota, kusa da direba, inda za a kai gare shi ba tare da an kwance kome ba. Tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. Gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Ramukansa layi biyu ne, takwas sama takwas ƙasa. Baƙi ne ko fari.

Ku kashe mota, ku tura kujerar direba baya, ku durƙusa a bakin ƙofa da tocila, ku leƙa sama ta ƙarƙashin dashbod. Ga wuraren dubawa bi da bi:

a) ƙarƙashin sitiyari, sama da takalman birki da kuloci;
b) hannun hagu, kusa da abin buɗe bonet;
c) cikin akwatin fis na cikin mota, ko a gefensa, bayan ɗan murfi;
d) hannun dama na sitiyari, kusa da gwiwar direba;
e) kusa da giya, ko bayan mazubin tokar taba.

Sau da yawa bakinsa yana kallon ƙasa ne, don haka hannu yakan riga ido samunsa. In ba a gan shi a mazauninsa ba, a duba ko wani mai gyaran waya ya cire shi ya cusa shi cikin tarin wayoyi. Motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu kuwa, a duba gefen fasinja, domin akan bar soket a wurinsa na asali.

Ana karanta wannan soket da 'yar na'urar hannu, ko da wani ɗan abu mai suna ELM327 da ake sokawa a ciki, ya aika da labarin zuwa wayar salula. In an soka na'ura ba ta kawo wuta ba, a fara duba fis. A Toyota akan rubuta OBD a kansa; a waɗansu motoci kuwa fis ɗaya ne da na abin kunna taba. In ta kawo wuta amma ta kasa magana da motar, ba lalle na'urar ce ta lalace ba. Hilux da yawa da aka yi domin ƙasashenmu suna da ramuka 16, amma yarensu na kamfanin Toyota ne, ƙananan na'urori ba sa jinsa. Sai babbar na'urar gareji.

Abu ɗaya ya zama tilas ku sani. In kun kalli soket ɗin, gefe mai faɗi yana sama, ramukan sama su ne 1 zuwa 8 daga hagu, na ƙasa 9 zuwa 16 daga hagu. Rami na 16, na ƙarshe a ƙasa ta dama, yana ɗauke da wutar batir dare da rana, ko an cire makulli. Na 4 da na 5 na jikin mota ne. Wayar da ta haɗa na 16 da wani rami za ta ƙone fis, ko ta ƙone ƙwaƙwalwar kanta. Saboda wannan wuta ne kuma bai kamata a bar ELM327 a soke ba in za a ajiye mota makonni, domin yana shan batir kaɗan kaɗan.

NEMAN SOKET A MOTOCI IRI NA BIYU

Toyota: Ku buɗe bonet. Ku nemi ɗan akwatin roba, baƙi ko ruwan toka, wanda ya ɗan fi akwatin ashana girma, mai murfi, an rubuta DIAGNOSIS a kansa. Yakan zauna a jikin akwatin fis kusa da batir, ko a bangon gefe na ɗakin inji, ko a bangon da ya raba inji da direba. In kun ɗaga murfin, a cikinsa akwai taswirar ramukan da sunan kowanne. Kada ku share man da ke cikin ramukan, an sa shi ne domin hana tsatsa. Waɗansu motoci marasa ƙwaƙwalwa ma suna da wannan akwati domin waɗansu gwaje-gwaje dabam. Ku haska ramin TE1. In babu ƙarfe a ciki, babu lambar karantawa.

Nissan: A ƙirar D21 mai fetur da injekta, ƙwaƙwalwar tana ƙarƙashin kujerar fasinja. A gefenta akwai 'yan fitilu biyu, ja da kore. Ja tana ƙirga gomomi, kore tana ƙirga ɗai-ɗai. Lamba 55 tana nufin ba laifi. Waɗanda suka biyo baya suna da soket mai ramuka 14, ruwan toka, kusa da akwatin fis na cikin mota.

Mitsubishi: soket mai ramuka 12, kusa da akwatin fis ƙarƙashin dashbod.

Ford na Amurka na kafin 1996: a ɗakin inji, soket mai ramuka 6 da wata waya guda a gefensa.

Chevrolet da GMC na kafin 1996: soket mai ramuka 12 ƙarƙashin sitiyari.

KARANTA LAMBAR TOYOTA DA GUNTUWAR WAYA

Tun da Toyota ta fi yawa a hannun ƙungiyoyi, ga yadda ake karanta wadda ke da akwatin DIAGNOSIS. Ba a bukatar na'ura. Guntuwar waya mai tsawon ɗan yatsa, da aka feƙe bakinta biyu, ta isa. Mutum biyu za su yi aikin, ɗaya yana ƙirga, ɗaya yana rubutawa.

1. Batir ya kasance da ƙarfi. A sa giya a firi, a ja birkin hannu, a kashe fitilu da rediyo da na'urar sanyi. Kada a taka totur.

2. Makulli yana kashe, a soka bakin waya ɗaya a ramin TE1, ɗayan a ramin E1. A motocin da suka fi tsufa, T kawai aka rubuta maimakon TE1. A bi taswirar murfi, a duba sau biyu. Ramin +B yana ɗauke da wuta, kada waya ta taɓa shi.

3. A murɗa makulli har fitilu su kama. Kada a tada inji.

4. A kalli fitilar inji. In tana ƙiftawa da sauri ba tsayawa, kamar sau biyu a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa ba ta ajiye laifi ba.

5. In akwai laifi, za ta ƙifta lambar farko, ta ɗan tsaya daƙiƙa ɗaya da rabi, sa'an nan ta ƙifta ta biyu. Misali, ƙiftawa biyu, tsayawa, ƙiftawa ɗaya, shi ne 21. In laifin ya fi ɗaya, takan tsaya daƙiƙa biyu da rabi tsakaninsu, ta fara da ƙaramar lamba. In ta gama duka, sai ta yi shiru daƙiƙa huɗu da rabi ta sake daga farko. A bari ta maimaita sau uku kafin a yarda da abin da aka rubuta.

6. A kashe makulli, a cire waya, a rufe murfi sosai.

Ga ma'anar waɗansu lambobi a injunan fetur:

12: labarin juyawar inji ba ya isa ƙwaƙwalwa
14: sashen wutar fulogi
21: sansa mai shinshinar hayaƙi
22: sansa mai auna zafin ruwa
24: sansa mai auna zafin iskar da ke shiga
31: ma'aunin iskar da ke shiga
41: sansa ta bakin totur
42: sansa mai auna gudu
52: sansa mai jin ƙwanƙwasar inji

In 51 ta fito, sau da yawa an bar na'urar sanyi a kunne ne, ko an taka totur lokacin gwaji. A injunan dizal waɗansu lambobin suna da wata ma'ana, sai a nemi jerin na wannan injin. Toyota da yawa masu ramuka 16 ma suna ƙifta lamba in an haɗa rami na 4 da na 13, amma tun da soket ɗin yakan zauna a kife, kuma na 16 yana kusa, a bar wa mai gyaran waya wannan.

LAMBA TANA NUNA UNGUWA NE, BA GIDA BA

A nan mutane da yawa ke yin hasara. Lamba 22 ta fito, sai a garzaya a sayi sabuwar sansa. Abin da lambar ta ce kawai shi ne labarin zafin ruwa ba ya zuwa daidai. Yana yiwuwa sansa ce ta mutu. Yana yiwuwa kuma soket ɗinta ne ya saki a hanya mai gargada, ko tsatsa ta kama shi bayan an ratsa rafi, ko ɓera ya ci wayar. Motar da ke ɗaukar hatsi, tana kuma kwana kusa da rumbu, ɓeraye ba sa rabuwa da ɗakin injinta. Don haka a fara bin wayar da ido da hannu daga sansa har inda ta shige. A cire soket, a busa ƙura, a mayar. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Haka yake a motoci masu ramuka 16, inda lambar ke zuwa da harafi a gaba. P na inji da giya ne. P0301 tana nufin silinda ta ɗaya ba ta cin wuta daidai, P0302 ta biyu. Laifin yana iya zama na fulogi, ko kwayil, ko injekta. P0171 tana nufin iska ta yi wa mai yawa. Tiyon da ya tsage ko matatar mai da ta toshe suna kawo ta. P0128 takan fito a motar da aka cire wa tamostat, domin injin ba ya kai zafin da ya kamata, kuma irin wannan mota tana ƙara shan mai. P0420 takan fito in abin tace hayaƙi na cikin salansa ya lalace ko an cire shi. Ba za ta tsai da mota a hanya ba.

Akwai kuma ciwon da ƙwaƙwalwa ba ta gani: kuloci da ya cinye, lagireto mai yoyo, gurɓataccen mai, ringin da ya mutu. Rashin lamba ba shaidar cikakkiyar lafiya ba ne.

A gaya wa direba bambancin fitilu. Mai ruwan ɗorawa in ta kama ta tsaya, kuma mota tana tafiya daidai, ana iya ƙarasa tafiya a hankali a duba a gida. In tana ƙiftawa ana cikin tafiya, inji yana karkarwa, a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Jar fitilar baƙin mai kuwa, ko allurar zafi da ta hau ja, ba su jiran bincike. A tsaya nan take a kashe inji.

ABIN DA KWAMITI ZAI YI

1. A ranar da ba aiki, shugaba da direba da magatakarda su nemo soket ɗin tare. A rubuta wurinsa, da sunan injin, da shekarar motar a shafin farko na littafin mota.

2. Duk lokacin da fitila ta kama, a rubuta kwanan wata, da kilomita, da lambar, da abin da direba ya ji.

3. Kada a yarda kowa ya goge lamba kafin a rubuta ta. Gogewa ba gyara ba ce. Cire kan batir ma yana goge ta, don haka a karanta tukuna.

4. Ma'aji kada ya fitar da kuɗin sayen sansa ko ƙwaƙwalwa sai an nuna masa lambar, an kuma tabbatar an duba waya da fis. A dawo wa ƙungiya da tsohon kayan da aka cire.

5. Bayan gyara a goge lambar. A tsohuwar Toyota, a kashe makulli, a zare fis mai suna EFI na rabin minti, a mayar. A yi aiki da motar kwana biyu ko uku. In fitilar ta dawo da lambar nan, gyaran bai yi ba, a koma wurin wanda ya yi shi.

6. In za a sayi mota, a murɗa makulli a tabbatar fitilar inji tana kamawa, tana kuma mutuwa bayan inji ya tashi. A karanta lambobinta kafin a biya, a sake karantawa bayan an ɗana ta a hanya.

7. Wajen wanke inji, kada a watsa ruwa kan akwatin DIAGNOSIS ko akwatin fis.

Bakanike nagari ba ya jin haushi in mai mota ya zo masa da lamba a rubuce, domin ta rage masa lalube. Ƙungiyoyin da ke maƙwabtaka da juna suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar karantawa guda ɗaya, su koya wa matasa biyu ko uku amfani da ita. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ku kawo wannan magana a taronku na gaba, ku sa ranar duba motarku tun kafin aikin kaka ya taso.